Abin da Aradu Ta Bari a Gonar Kawu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare cikin garin Sakkwato kafin in ga abin da nake koyarwa da idona. Darasin yanayin abubuwa kuwa na haddace shi kamar sunana. In shiga aji da ƙanƙara a leda, in ce ga daskararre. In bar ta a kan tebur, zafin garinmu ya yi mini rabin aiki, kafin in gama rubutu a allo ta zama ruwa. Tururi kuma kowa ya san shi a bakin tukunya. Uku ke nan. Na huɗun, wanda ake kira filazma, sai an kusa tashi nake jefa shi a gurguje, don ba ya fitowa a jarrabawa. Nakan ce idan aka ci gaba da gasa iska har zafi ya wuce misali, ƙwayoyin zarrar da ke cikinta sukan yage, su saki 'yan ƙananan abubuwan da ke ɗauke da lantarki, iskar ta kama haske, wuta ta riƙa bi ta cikinta yadda take bin waya. Rana haka take, taurari haka suke, walƙiya ma haka. Ɗalibai su rubuta suna hamma, ni kuma in tattara alli in fita.

A Gidan Dare nake zaune, ni da iyalina da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ƙanenta guda ya rage mata a duniya, Kawu, manomi a Dundaye. Mutum ne mai suna a can. In za a raba gado shi ake kira ya tsaya, in za a ba da aure shi ne waliyyin rabin unguwa, in biyu suka yi musu sai a ce a je a ji daga bakinsa. Inna ba ta da abin alfahari da ya wuce shi. Ni ɗin nan da takardun digirina a bayansa nake.

Wata damina sai rigimar iyaka ta tashi tsakaninsa da maƙwabcin gonarsa, wani dattijo mai sanyin magana da ke aikin gadi a cikin gari, ba ya samun zuwa gona sai ranar hutu. Layin ciyawar gamba ne ya raba gonakin tun zamanin iyayensu. Mai gadin ya ce gambar ta matso cikin tasa. Aka zauna gaban mai unguwa. Kawu ya fusata, ya miƙe tsaye gaban jama'a ya ce, "In taku guda nic ci na gonatai, aradu ta hwaɗa ma tawa." Liman ya yi masa faɗa a kan irin wannan rantsuwa, ya ce ba ta Musulmi ba ce, amma magana ta riga ta fita, kunnuwa sun ɗauka. Aka sallami mai gadin ba tare da komai ba.

Kwana tara bayan haka, da la'asar, hadari ya taso daga gabas, aradu ta faɗa wa giginyar da ke tsakiyar gonar Kawu.

Babu wanda ya zage shi. Abin da suka yi ya fi zagi ciwo. A masallaci in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya tuna bai ajiye takalmansa daidai ba. An raba wani gado ba a kira shi ba. Masu zuwa gaisuwa ƙofar gidansa da safe suka ɗauke ƙafa. Daga baya shi ma ya daina fita, sai ya yi salla a zaure. Labari ya iso wa Inna, ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Rana ta uku ta kira ni ɗakinta.

"Kai ad da karatun boko," in ji ta. "Shekara nawa kana hwaɗa ma ɗiyan mutane mi ar rana, mi at tauraro. Tahi ka wanke man ƙanena. In ba ka iyawa, ka hwaɗa man karatun banza niy yi ma addu'a."

Ni dama irin wannan magana ta camfi tana hawa mini kai. Na hau babur da safiyar Asabar ina huci, ina shirya jawabi a raina tun daga hanya.

Jawabin ya tsere mini da na ga giginyar. Kan ya ƙone ƙurmus, ganyayen da suka rage sun zubo suna lilo. Wani baƙin layi ya tsaga jikinta daga sama har gindi. Geron da ke kewaye da ita ya mutu a da'ira, yayin da na gaba kaɗan ke tsaye kore shar kamar bai san an yi ba. Wurin yana tsamin nono, don mata sun zo sun kwarara shi a gindin bishiyar, wai shi ke sanyaya wutar aradu. Ban da su babu wanda ya kusanci wurin. An ce gatarin aradu na binne a ƙasa, wato dutsen da take jefowa, wanda ya taɓa shi kuma ya ja wa kansa.

Kawu ya raka ni, amma ya toge nesa, hannuwa a baya. Ya rame, hularsa har ta yi masa yawa. Na karɓi fartanya na ce yau sai na nuna wa mutanen Dundaye babu wani gatari. Na shiga haƙa ina mita. Ƙasar rairayi ce, ba ta ba ni wahala ba. Ban kai tsawon kamu biyu ba na ji fartanya ta taɓa wani abu ya yi ƙara siririya, irin ta kofin shayi.

Na ajiye fartanya na sa hannu. Wani abu ne kamar saiwa, kaurin babban yatsa, ya nutsa cikin ƙasa yana rassa. Bayansa kaushi, yashi ya manne masa. Na bi shi a hankali ina kawar da ƙasa da yatsu, ya karye mini a hannu. Da na duba bakin karayar sai na ga rami ne a tsakiya, cikinsa kuma sumul, yana sheƙi. Gilashi ne. Na ɗaga shi sama na leƙa, na hango hasken rana ta ɗaya bakin.

Na san abin a takarda. Na san walƙiya ta fi fuskar rana zafi nesa ba kusa ba, na san in ta shiga rairayi tana narkar da shi. Amma sanin takarda daban, ka durƙusa a gonar kawunka riƙe da hanyar da wutar sama ta bi daban. Cikin ƙiftawar ido ɗaya iskar da ke saman gonar nan, wadda Kawu ke shaƙa kullum, ta zama irin abin da aka yi rana da shi, ta sauko, ta shiga ƙasa, ta bar sawunta. Na ji tsoro, na kuma ji wani daɗi da ban san sunansa ba. Na daɗe a durƙushe ba abin da nake faɗa sai subhanallahi.

Kawu ya ɗaga murya daga inda yake. "Ka gane shi? Gatarin na?"

Na ce, "Ba gatari ba ne, Kawu. Ƙasarka ce ta narke."

Na naɗe guntaye uku a hankici na dawo gari.

Bayani da baki ba zai yi ba, wannan na sani. Mutanen da suka ji rantsuwa da kunnensu, suka ga giginya da idonsu, ba za su saurari malamin makaranta yana zana musu ƙwayar zarra a ƙasa ba. Sai na tuna da maƙwabcina mai walda. Tare muka yi firamare, shi ya tsaya nan, ni na wuce, tun daga lokacin kuma Farfesa yake kirana don tsiya. Rumfarsa na bakin titi, inda yake haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe.

Na ba shi guntu ɗaya. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya sa harshe ya lasa.

"Wa yay yi wanga aiki? Hannunai ba ya da tsabta, amma wutatai ta kai."

Na ce aradu ce. Ya sake shi a kan benci kamar ya ɗauki garwashi. Sai da na gama dariya na ce masa wutar da yake wasa da ita tun yana saurayi, wannan mai shuɗin haske da ke tsalle tsakanin sandar walda da ƙarfe, ita da walƙiya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Farfesa, yunwa kaka ji?"

Muka fasa tsofaffin baturan tocila guda biyu, muka zaro baƙar sandar gawayin da ke tsakiyarsu. Ya danƙe ɗaya a bakin kowace waya ta injinsa. Na zuba tafin rairayin gonar Kawu a kan wani tsohon bulo. Ya tayar da janareta, ya miƙo mini abin rufe fuska mai baƙin gilashi, shi ya sa nasa. Ya haɗa bakin sandunan biyu a saman yashin, sannan ya raba su kaɗan.

Ta cikin baƙin gilashin duniya duk ta ɓace, sai wani ɗan harshen haske guda, tsaye a tsakanin sandunan. Ba ya kan wannan, ba ya kan waccan. A tsakani yake, inda babu itace, babu mai, babu komai sai iska, kuma iskar ce ke ci. Yana ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Yashin da ke ƙarƙashinsa ya yi ja, ya yi fari, ya fara gudu yana tattaruwa kamar kitse a kasko. Sau nawa na wuce rumfar nan ina kawar da kai don kada hasken ya ɓata mini ido? Ashe darasin da nake jefarwa a minti biyu yana nan yana ci a bakin titinmu tun safe har yamma.

Da ya huce muka ɓamɓaro shi. Dunƙulen gilashi ne, bayansa kaushi, cikinsa sumul. Muka jera shi da na gonar. Mai walda ya cire abin fuskarsa, ya zauna a kan benci, ya dubi tafin hannuwansa gaba da baya.

"Shekara talatin," in ji shi a hankali. "Ashe aradu nika riƙo, ina liƙa ma mutane ƙyaure da ita." Ranar bai ƙara kirana Farfesa ba, Malam ya riƙa ce mini, har abin ya dame ni.

Ranar Juma'a mutanen Dundaye da yawa a cikin gari suke salla. Na roƙi mai unguwa ya biyo ta Gidan Dare in an sauko, shi da liman da dattawa biyu, da Kawu, da mai gadin. Suka iso a kan kabu-kabu, manyan riguna na kaɗawa. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar rumfa. Na fara miƙa musu abin da na haƙo. Babu wanda ya karɓa, sai liman, shi ma da bakin rawani ya riƙe shi.

Mai walda ya tayar da inji. Abin rufe fuska guda biyu ne kawai, don haka ɗaya bayan ɗaya suka riƙa leƙawa, sauran na juya baya. Mai unguwa ya fara. Mutum ne da ban taɓa ganin ya yi gaggawar komai ba, amma da harshen hasken ya tsaya sai da ya ja da baya, ya taka rigarsa. Liman ya leƙa yana tasbihi a fili. Ɗaya dattijon ya ƙi sakin abin fuskar, sai da aka ƙwace. Da gilashin ya huce na ɗora shi a tafin mai unguwa, na ɗora na gonar kusa da shi, na bar su suka yi ta juyawa.

Sannan na yi bayanina, kuma ban taɓa yin darasi mai daɗinsa ba. Na ce musu ƙanƙara, ruwa, tururi, sai wannan. Na ce rana da ta gasa su a hanya yanzu, daga cikinta har bayanta wannan abu ne, taurari ma haka, kuma mafi yawan abin da Allah ya halitta wanda ido ke iya hangowa a sama a wannan hali yake. Mu da ƙasarmu mai sanyi da ruwanmu mu ne 'yan kaɗan. Na ce walƙiya in za ta sauko hanya mafi sauƙi take nema, abin da ya fi tsawo a fili shi ta fi faɗa wa, kuma a duk tudun nan babu abin da ya kai giginyar Kawu.

Mai unguwa ya ce, "Ke nan ba ta jin rantsuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta da kunne. Tana faɗa wa hasumiyar masallaci, tana faɗa wa saniya a daji. Me saniya ta rantse a kai?"

Liman ya gyaɗa kai, ya ce Allah ke aiko ta inda ya so, kuma ba a ba wani ɗan Adam ikon karanta laifin ɗan'uwansa a jikin bishiya ba. Ya ce su duka sun yi zato, zato kuwa zunubi ne.

Can mai gadin ya tashi, ya zo gaban Kawu ya rage tsawo, ya miƙa hannu biyu.

"Malam, ka gahwarta man."

Kawu ya ba shi hannu, amma bai dube shi ba. Shi kaɗai ne bai leƙa ba tukuna. Ya ce wa mai walda ya sake kunnawa. Ya riƙe abin fuskar da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, har sandar gawayi ɗaya ta cinye, mai walda ya kashe da kansa. Da ya sauke, gumi ya jiƙa masa gemu.

Aka yi addu'a, aka watse ana ta shi mini albarka. Inna ta leƙo ta ƙofar gida tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na wanke kawuna da batur biyu da tafin yashi. Har na fara tunanin yadda zan ba abokan aikina labari ranar Litinin.

Kawu ya ce in mayar da shi gida a babur. Da muka kusa shiga Dundaye ya taɓa kafaɗata ya ce in bi ta gona.

Bai kalli giginyar ba. Ya zaro fartanya daga inda yake ɓoye ta cikin gero, ya nufi layin gamba. Ya tsaya da dugadugansa a jikin ciyawar, ya juyo cikin gonarsa, ya yi taku ɗaya, biyu, uku. Nan ya fara sara. Sara huɗu ko biyar ya tono wani baƙin dunƙule, ya kakkaɓe ƙasar ya miƙo mini. Tsohuwar saiwar gamba ce, ta ruɓe rabi.

"Nan iyaka take," in ji shi. "Shekara shidda. Kowace bazara in tsuge tushe in matsa da shi kaɗan. Shi yana can bakin ƙohwar mutane yana gadi."

Abin da ya fara zuwa mini kunya ce ta kaina, sai haushi ya biyo. Na ce, "Amma Kawu, abin da na faɗa gaskiya ne. Ko ba ka taɓa gambar nan ba, giginyar za ta faɗa wa. Aradu ba ta san komai ba."

"Na yarda. Ita ba ta san komi ba. Ni as sane." Ya zauna a ƙasa, fartanya a kan cinya. "Da sunka ƙaurace man, na iya ɗauka. Ina ce ma raina hakkinai na aka cire man kaɗan-kaɗan. Amma yau ka sa shi ya durƙusa gabana. Sannan nil leƙa abin ga. Ɗan hasken ga da bai kai tsawon yatsa ba, wanda maƙwabcinka ka kunnawa da baturan tocila, ido ba ya iya kallonai sai da baƙin gilashi. Ƙasa ta narke gabanai. To ni mi ad da ni, in an aza man taku ukkun ga a wuya ranar da babu gilashi?"

Layuka uku na gero suna tsaye tsakaninmu da gambar, sun fara fitar da kai.

Ya ce, "Tahi ka kira man shi. Kuma ka tsaya nan, kai da kaw wanke ni gaban mutane. Gobe kai za ka maimaita ma mai unguwa abin da kag gani. Yayata kuma ni za ni hwaɗa mata da bakina."

Na sami mai gadin a ƙofar gidansa, ya cire rigar Juma'a yana alwala. Na yi sallama, na tsuguna, na rasa ta inda zan fara. Na ce Kawu na kiransa a gona, a wajen iyaka. Ya ƙarasa wanke ƙafarsa, ya ajiye buta.

"Ya tono tsohuwar gambar?"

Na ce, "Baba, ashe ka san tana nan?"

"Ni da ubana munka dasa ta."

"To don me ka roƙe shi gafara ɗazu?"

Ya sa takalmansa. "Ba ta gona ba ta, ɗana. Ranar da aradu tah hwaɗa, ina ƙohwar gidan da nika gadi anka kawo man labari. Na yi murna. Har dariya niy yi. Mutum da iyalinai, da ya kasance yana gindin giginyar ga fa? Ita nir roƙa."

Na ce ya hau in kai shi. Ya ce a'a, gonar ba nisa, kuma gara a ba mutumin lokaci ya share fuskarsa. Ya shiga gaba a ƙafa, ni kuma na biyo shi ina tura babur.